Kalkuleta a Jikin Keke

Birnin Kudu, 3 ga Rajab

Baffa Sabo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Ni ce Juwairiyya, 'yar yayanka Ɗahiru. An ce ba ka riƙe waya, shi ya sa na ba direban Basirka wannan takarda.

Jikin Baba ya yi tsanani. Ba ya gane kowa, amma kwana uku ke nan yana nanata magana ɗaya: "Ku ce wa Sabo a ɗari huɗu da sha biyu muka tsaya." Na tambayi Inna, ta ce zafin ciwo ne, ta juya tana share hawaye. Ban ma san abin da ya raba ku shekara talatin da ɗoriya ba. Kaina ya ɗaure.

A huta lafiya.
'Yarka, Juwairiyya


Basirka, 6 ga Rajab

'Yata Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi sauƙi.

Zamanin soja wani alhaji ya yo wa babanki tsarabar kalkuleta daga Makka, lokacin duk Gwaram ba wanda ya taɓa ganin irinta. Shi kuwa hannunsa ba ya zama. Ya farke ta, ya ja waya zuwa ƙafar keke, duk juyi ɗaya ta ƙara lamba ɗaya. Da ita muka fara auna gonar mahaifinmu, magariba ta tsayar da mu a lambar da kika ji.

Washegari na ɗauki keken ba da saninsa ba, na kai wa kantoma don a ba babanki lambar yabo. Kantoma ya ce wa ya ba malamin firamare izinin auna ƙasar gwamnati, kuma wa yake aika wa lambobin? Aka riƙe keken, babanki ya yi wata biyar a tsare, aikinsa ya tafi. Har yau ban gane laifin ba, amma ni na kai shi da ƙafata. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Baffanki, Sabo


Birnin Kudu, 8 ga Rajab

Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wa Inna takardarka, ta ce shi kuma Baba ya ɗauka kai ne kake gudunsa saboda ya zama tsohon fursuna. To wa ke fushi da wa? Jiya na tambaye shi ko ya yafe maka, sai ya ce, "Ya sa mata batir?" Ban san ko amsa ce ba. Likita dai ya ce a kira 'yan uwa.

Juwairiyya


Basirka, 9 ga Rajab

'Yata,

Ina gaishe ku. Keken yana rumbuna, na fanso shi tun shekarar da kantoma ya sauka. Na sa wa kalkuletar batir, ta kawo wuta, sifili take nunawa. Gobe zan shigo motar farko da shi. Ki ce masa kada ya yi gaggawa, da sauran gona.

Sabo