Ɓangaren Yamma na Lambunmu

Sanyinna.

Zuwa ga ɗiyata Khairiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu na tafiya daidai. Innarki na gaishe ki.

Kwalbar maganin binciken naki ta iso. Kin ce garin azurfa ne a ruwan dogonyaro, ƙwayoyinsa ƙanana har ido ba ya ganinsu, su za su kashe tsutsar da ke ƙulle saiwar tumatur, wadda ita ma ido ba ya gani. Oh ni Maccido! Da tsufana an sa ni yaƙin da ban ga ko ɗaya cikin mayaƙan ba.

Na zuba wa ɓangaren gabas, na bar na yamma ba magani don ki gwada bambanci. Sai dai ƙuri'ar da kika yi don zaɓen ɓangaren da za a bari ba ta san yamma na Haliru ne ba, aminina da muke raba lambun tun ba a haife ki ba. Dariya ya yi, ya ce ai ke ɗiyarsa ce, a bari.

Mahaifinki,
Maccido.

Ɗiyata,

Ina fata kin tashi lafiya. Gabas ya yi kore shar. Yamma kuwa, da rana ta take sai ganye ya lanƙwashe. Na tumɓuke guda, saiwar duk ƙulle-ƙulle kamar carbi. Haliru ruwa kawai yake ƙarawa. Da tumatur ɗin nan gidansa ke cin tuwo, kin sani.

Sauran maganin na ɗakina. Kin ce in na zuba masa, aikinki na shekara ya rushe. Wallahi na ɗauki kwalbar na ajiye, na sake ɗauka. Abin da nika ji a raina bai da daɗi.

Mahaifinki,
Maccido.

Khairiyya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki kwantar da hankalinki, ban buɗe kwalbar ba. Na yi tunani, in gwajin ya ɓaci, baɗi kowa a fadamar nan zai sake zuba ruwa a kan ciwon da bai sani ba.

Amma na lura kin hana a sauya magani, ba ki hana a sauya mai gona ba. Jiya na ce wa Haliru gabas nasa ne bana. Ya ƙi, muka yi ta ja, har na rantse sannan ya sunkuyar da kai. Yau matarsa Maimuna ta aiko mana da miyar tumatur ɗin farko da ya tsinka a gabas.

Ki zo ki tone saiwoyin ki auna. Duk abin da kika tarar a yamma na ubanki ne, don haka ki rubuta shi da kyau.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki,
Maccido.