Ranar da Wayar Kuwabara-san Ta Ƙi Yin Shiru

Anti Harue, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya tsaya mini a wuya, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ina aiki a wani kamfanin ƙera kayan firji a birnin Sendai. Shekara da shekaru a jadawalin kwamfuta muke rubuta ayyukan sashenmu: aiki kaza, ranar gamawa kaza, a gefe kuma sunan wanda ake ganin zai dace. Sunan nan shawara ce kawai. Kin san halinmu, sai an bi mutum har teburinsa an ji ta bakinsa, sannan a faɗa a taro kamar yanzu aka yanke.

Bana aka sayo manhajar bin diddigin ayyuka, aka ce ni zan kwashe komai in zuba a ciki. Kuwabara-san, dattijon da ya karɓe ni tun ina sabuwa, wanda ya koya mini har yadda ake miƙa katin suna, ya ce in fara zagaya mutane tukuna. Na yi dariya na ce, "Haba Babba, wannan ai zamaninku ne. Dannawa ɗaya zan yi, kafin shayinka ya huce an gama." Ya ce, "To, sarkin sauri, ki dai duba gabanki."

Ana dab da shiga taron safe na loda jadawalin gaba ɗaya. Ashe manhajar duk sunan da ta gani sai ta ɗauka an ba mai sunan aikin, ta tura masa sanarwa da sunana. Akwai wurin kashe sanarwar, ban ma kalle shi ba. Muna tsaye shugaban sashe yana magana, wayoyi suka fara kuka. Na kowa suka yi suka daina, ta Kuwabara-san ta ƙi, don shi ya fi kowa yawan suna a ciki. Tana ta zirr-zirr a kan tebur, kowane saƙo yana cewa na ba shi aiki, ya gama kafin rana kaza. Wani ya ƙunshe dariya. Shi kuwa ya kife wayar, har kunnensa ya yi ja.

Na tura masa saƙon ban haƙuri mai tsawo. Ya amsa da cewa ba komai. Tun daga nan yake bin ayyukan ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda bai kamata a ce nasa ba ne. In ya gama sai ya zo gabana ya rusuna ya ce, "An kammala, ranki ya daɗe. Akwai saura?" Mutumin da ke ajiye mini lemon da matarsa ke ba shi, yanzu da ladabi yake yanka ni. Ƙarshen Maris zai yi ritaya. Wallahi na yi da-na-sani, kuma ina tsoron ya tafi a haka. Ko in roƙi shugaban sashe ya shiga tsakani? Wani lokaci kuma haushi nake ji, ai ba da gangan na yi ba.

Mai cizon yatsa, Sendai

Ƙanwata,

Na yarda ba da gangan kika yi ba, shi ma ya sani. Kuma zan faɗi gaskiya, dattijon naki ya ja abin da tsawo. Rusuna wa ƙaramarka a gaban jama'a horo ne, ko da an naɗe shi da ladabi.

Amma ki duba ta ɓangarensa. Yawan aikin bai dame shi ba, ga shi yana yi. Abin da ya ci masa rai shi ne ya gargaɗe ki kika yi masa dariya, aka kunyata shi a taro, sannan haƙurin ma ta waya ya iso masa. Kin tsallake teburinsa sau biyu ke nan.

Kada ki sa shugaban sashe a ciki, zai zama kin kai ƙararsa. Ki fara cire sunansa daga duk aikin da ba a shawarce shi ba. A taron safe ki faɗa a taƙaice cewa sunayen nan shawara ce, kuskuren naki ne. Inda aka yi ɓarin, nan ake kwashewa. Gaba kuma ki gwada da layi kaɗan na jadawalin, sanarwa a kashe, kafin ki zuba sauran.

Daga nan ki same shi shi kaɗai. Ban da dogon bayani a kan manhaja. Ki ce, "Babba, ka faɗa mini ban ji ba." Ki yi shiru ki saurara.

Ba zan yi miki alkawarin komai zai koma kamar da ba, Maris ya kusa. In ya sake cewa ba komai, kin dai sauke naki. In kuwa ya ɗaga murya ya wanke ki tas, kada ki kare kanki, ki yi murna, domin mutum ba ya ɓata bakinsa a kan wanda ya riga ya cire daga ransa.

Ina miki fatan ki sha faɗa, ƙanwata, ku rabu lafiya.

Anti Harue