Kan Mota Ya Kalli Hanya

Zuwa ga mahaifina, Kofur Direba na Tiga,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Uwale. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Dam ɗin Tiga ya cika bana, masu noman rani har sun fara gyaran fadama. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ka ba. A waya zan saka ta, mutanen da ba su taɓa ganinka ba su karanta. Amma akwai maganar da na katse maka, kuma tun da ka tafi ta hana ni sakat. Ita na zo mu ƙarasa.

Baba, duk unguwarmu an san ba a kallon fim ɗin yaƙi da kai. Tun ranar da aka saka mana sola aka kunna talabijin da rana tsaka, ka ɗora wa kanka aikin gyara wa Turawa kurensu. Mu muna kallon jarumi, kai kana kallon taya. Ana tsaka da ruwan harsashi, zukatanmu sun tsinke, sai mu ji ka yi tsaki ka ce, "Ƙarya ne, a shekarar nan ba a ƙera wannan jif ɗin ba." Ka ce naku fitilunsu a tsakiya suke, kusa da juna, masu fitila a gefe kuwa sai daga baya aka kawo su.

Babu abin da yake tsere maka. Sojan da ya yi sati uku a daji amma kakinsa da karin guga. Motar da ta ratsa taɓo ta fito tayoyinta fes. Direban da yake ta murza sitiyari hagu da dama a kan miƙaƙƙiyar hanya, wanda ka ce da a hannun sajenku yake, da dankali zai koma ferewa a kicin. Tankin man da ba ya ƙarewa. Inna takan ce ka rubuta musu takarda mana, ka ce ai ba za su ji ba, masu taurin kai ne.

Amma akwai kure ɗaya da ba ka yi masa dariya. Idan direban fim ya shigo da gudu ya cusa kan motarsa jikin bango ya dire, sai fuskarka ta canza. Ka ce, "Kan mota ya kalli hanya." Shi ke nan, ba ka ƙara komai.

Haka ka rayu kuma. Shekarun da ka yi kana tuƙa motar ma'aikatar ruwa bayan ka ajiye kaki, ba ka taɓa shiga garejin da gaba ba, sai da ribas, ko da za a yi ta jiranka. Kekenka a zaure kansa na kallon ƙofa. Takalmanka ma, a ƙofar masallaci ko ƙofar ɗaki, ba ka jiran wani ya juya maka su. Kafin ka shiga sai ka sunkuya ka juya su da kanka. Mun ɗauka tsirfa ce irin ta tsofaffin soja, har muna kwaikwayonka a bayan idonka.

Yanzu bari in zo kan laifina.

Ranar yawon Sallah ce, bayan la'asar. Na zo gida daga Kafin Maiyaki da ƙannen mijina mata biyu, ina so su ga gidanmu ma akwai wayewa. Aka saka fim, ka shigo ka zauna a kujerarka ta bakin ƙofa. Tun ina addu'a a zuciyata kada ka fara, har ka fara. Ka gyara wa 'yan fim hular kwano, ka gyara musu igwa, baƙina suna ta ƙunshe dariya a mayafi. Da aka zo wurin da direba ya cusa motarsa cikin wani lungu, sai ka matso gaba ka kira sunana. Ka ce, "Uwale, kin ga yadda ya ajiye motar nan? Tsaya in gaya miki, akwai wata rana..."

Ni kuwa na ce, "Haba Baba, don Allah ka bar mu mu yi kallo. Fim ne fa."

Ba ka yi faɗa ba. Ka dube ni, ka ce, "Haka ne, uwata, fim ne." Ka tashi ka zura takalmanka da suke jiranka a juye, ka fita gindin darbejiya da rediyonka.

Daga ranar ba ka sake gyara fim ba. Damina biyu ka ƙara a duniya, kuma ko an saka na yaƙi sai ka ce idonka ba ya son hasken. Kunyar faɗa nake ji, amma a lokacin cewa na yi mun huta. Da ciwo ya kwantar da kai na durƙusa na nemi gafara irin wadda kowa yake nema, ka ce ka yafe min duniya da lahira. Ban ambaci ranar nan ba, kai ma ba ka ambata ba. Yafiyar ka bar min, labarin kuwa ka tafi da shi.

Bayan Inna ta fita takaba muka buɗe akwatinka na ƙarfe. A ƙarƙashin takardun sallama na ga wani hoto da ya yi jajaja don tsufa. Samari biyu cikin kaki sun jingina da jif. Na gane ka da kunnuwanka. Ɗayan dogo ne siriri, ya dafa kafaɗarka, yana dariya har ana ganin wushiryarsa.

Ka san abin mamaki, Baba? Ashe ba kai kaɗai ba ne a duniya. Akwai wani zaure a waya, cike da irinka. Tsofaffin sojoji, makanikai, malaman makaranta, har da mata biyu, ba su da aiki sai tsayar da fim suna ƙirga ƙusoshin motar sulke. Da ka same su da ba ka ci abinci a kan lokaci ba. Na shiga na saka hotonka, na tambaye su wane irin jif ne wannan.

Kwana uku suna musu. Wani ya ce a duba marfin baya, wani ya ce a duba ƙugiyar jarka, wani ya rantse da girman taya. Duk suka yarda da an ga fitilun da magana ta ƙare, amma ba a ganinsu, don gaban motar bango yake kallo. Sai wani dattijo da ba ya yawan magana ya rubuta layi biyu. Ya ce shi ba irin motar ya dame shi ba, abin da ya gani shi ne direban nan sabo ne a lokacin da aka ɗauki hoton, bai ga komai ba tukuna. Wanda ya taɓa kwaso masu rauni ba ya ajiye mota haka.

Na karanta ina tsaye a tsakar gida, sai da na nemi turmi na zauna. Kai ne ka ajiye mota kanta a bango, kai da ko kekenka ba ka yi wa haka.

Na kai wa Inna hoton. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ba ni labarin da ka gaya mata sau ɗaya tak, shekarar da aka kawo ta gidanka. Dogon nan sunansa Sale, mutumin Doguwa, rana ɗaya kuka shiga soja. An aike ka ɗauko masu rauni a harabar wata makaranta, ka ji har da shi, ka shiga da gudu ta wani siririn lungu ka tsaya kanka a bango. Aka saka maka shi yana numfashi, yana ma tsokanarka. Wajen juya kan motar ne, gaba, baya, gaba, baya, tayar baya ta faɗa kwata. Kafin a ciro ta a kai ga likitoci, Sale ya cika a bakin ƙofa. Inna ta ce duk sanda ta tuna maka cewa kwanansa ne ya ƙare, sai ka ce, "Na sani. Amma ni na ajiye motar."

A ranar na gane wace ce Goggon Doguwa, tsohuwar da kake kai wa dawa duk kaka har ta rasu. Mun taso muna ɗauka 'yar'uwarka ce, ashe mahaifiyar Sale ce.

Baba, shekara hamsin da wani abu kana ɗauke da wannan, ba ka da ƙofar da za ka fito da shi sai ta kuren 'yan fim. Ranar da ka buɗe ƙofar, ni ka zaɓa, ni da ka saka wa sunan mahaifiyarka, na rufe ta don kada baƙi su yi min dariya. Wallahi yana yi min ciwo. Ina kewarka, ina kewar tsakin nan naka. Yanzu ni ce mai ɓata kallo a gidan mijina, kuma duk wanda ya ce in yi shiru ba na jin haushinsa, don na san yadda ake faɗarsa ba tare da sani ba.

Jiya na je gaida Inna. Silifas ɗinka na alwala suna nan a ƙofar ɗakinka, ta hana a bayar. Wajen shara an ajiye su suna kallon ciki, kamar na wanda ya shiga. Na sunkuya zan juya maka su yadda kake so, sai Inna ta riƙe hannuna. Ta ce, "Bar su, Uwale. Ya isa. Ba shi da sauran mai raunin da zai koma ɗaukowa."

Na bar su, Baba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sauke maka nauyin da ka ɗauka kai kaɗai. Allah Ya jiƙan Sale da mahaifiyarsa, Ya haɗa ku a inda babu gaggawa babu rauni. Idan tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani, Ya zaunar da ni kusa da kai, ka faro min daga "akwai wata rana". Wannan karon zan tsaya har ƙarshe.

'Yarka mai sauraro,
Uwale