Sunan da Ba Wanda Zai Ara

Magarya, farkon kakar gyaɗa

Zuwa ga maiɗakina Tabawa, a gidan Inna, Dogo-Dogo.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da nauyin jiki. Yaya kumburin ƙafa? Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Manzo, kai da za ka karanta wa yayarka wannan takarda, ina gaishe ka, kuma ka karanta yadda na rubuta, ban da ƙarin gishiri.

Ni jikina lau, zama ne ya gagare ni. In na rataya zabira na fita rumfar aski sai in ji gida nake so, in na dawo gida sai in rasa abin da ya kawo ni. Kin ce za ki je ki haihu a gaban Inna, na yarda, ko da yake wannan ta huɗu ce, ba ta fari ba. Amma Fanna maƙwabciyarmu ta ce ta ga an ɗora turminki a kan jaki, har da tukunyar da kike ji da ita. Tabawa, me turmi zai yi miki a wankan jego? Ki gaya mini gaskiya, za ki dawo ko kuwa?

Gari ya cika. Kamyo, manyan motocin kaya, na shigowa daga Damagaram, 'yan gyaɗa sun kafa ma'auni a bakin kasuwa, suna kuwa kusan kullum sai an kira ni aski. Kin san halin mutanen nan, duk wanda matarsa ta kusa sai ya zo ya miƙa mini kai, wai aski, alhali so yake in faɗa masa sunan da zai yi tashe. Ina faɗa kuwa, don ban cika kuskure ba. Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Faransa na ce za a yi ta Mainasara, ga su nan yanzu a lakwal, makarantar boko, in malam ya kira ɗaya uku ke miƙewa. Abin ba duba ba ne. Suna daga babban gida yake gangarowa, ko ya hau kamyo daga Kano, mata su ji shi a biki, in ya yi daɗin kira ta kan danga shi ke nan ya kama gari. Na gaya wa Tamu mahauci cewa su Shatu da Dela sun kusa ƙarewa, nan gaba sai a bakin tsofaffi. Ya ce to Tabawa fa? Na ce wannan guda ɗaya ta ishe ni.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Manzo, rage murya. Alhaji Maiwada, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun ana aikin dole, ya dawo, kuma ni na yi masa aski. A cikin hirar hanya na tsinci sunaye biyu da ban taɓa ji a ƙasar nan ba: Muniru in namiji ne, Nafisa in mace. Ban faɗa wa kowa ba, har cikina na ciwo don riƙewa. Ina tabbatar miki kafin damina biyu kowane lungu sai an samu mai su, amma namu ne zai zama na fari, kamar yadda Bashiru ya zama na fari, da Sakina, da Kabiru, Allah ya sa masu ceto ne.

Ki aiko da amsa ta hannun Mala mai jakuna ranar kasuwa. A gaida Inna da kyau.

Naki, Sallau wanzami.

Magarya, bayan kasuwa biyu

Zuwa ga Tabawa.

Gaisuwa da tambayar lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida. Mala ya kawo saƙonki, kuma tun da ya faɗa mini ban ci abin kirki ba.

Wai ba kya son Muniru, ba kya son Nafisa. Wai Inna ta ce tun da uku sun koma kafin yaye, wannan ɗan wabi ne, a kai shi juji a ajiye wata ta ɗauko, a huda masa kunne, a bar masa rabin kai ba aski, a kira shi da sunan da ba mai kwaɗayi. Ayashe, in ji ta. Ayashe! Ni Sallau, da mutane ke tasowa daga Bande don su ji suna a bakina, a ce ɗana ne Ayashe? Da wane ido zan dubi Tamu? Na yi wa 'ya'yan mutane wannan askin ba sau ɗaya ba, ban taɓa raina su ba, amma rai na hannun Allah, ba ya cikin suna. Lokotoro ma, likitan gari, da muka kai masa Kabiru cewa ya yi baƙon dauro ne, bai tambayi sunansa ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da Mala ya ce kin ce ko bayan arba'in ba ki ga ranar komawa Magarya ba, wai garin ya yi miki ƙara. Wace ƙara? Kamyon nan wata uku ne su watse. Na zagaya gidanmu na kasa kunne, ban ji komai ba sai kajin Fanna. In wani abu na yi miki, ki faɗa. In wata ce ta gaya miki magana a rijiya, ki faɗi sunanta. Shekarun nan duka ba ki taɓa yi mini yaji ba, sai yanzu ki tafi a hankali, da sallama da murmushi, ki bar ni ina lissafin tukwane?

Ina cikin fushi nake rubutun nan, ba zan ɓoye ba. Amma kewarki ta fi fushin yawa. Ki riƙa shan abin da Inna ta ba ki, kada ki ɗaga abu mai nauyi.

Mijinki, Sallau.

Magarya, ranar Laraba

Zuwa ga Tabawa, da fatan wannan ta same ki lafiya, ta kuma riga haihuwa isowa. Ina gaida Inna. Manzo, wannan karon karanta a hankali, kuma in akwai mutane a tsakar gida ka jira su fita.

Mai ruwan da ke kawo mini ya yi kwana biyu bai zo ba, randa ta bushe. Na ji kunyar roƙon Fanna, sai na ɗauki tulu da hantsi na tafi rijiyar bayan masallaci, inda kike zuwa. Ban taɓa tsayawa a wurin ba. Mata suka yi ta yi mini dariya, wata ta karɓi gugan ta ce kada in faɗa ciki. Ina tsaye ina mayar musu da wasa, sai wata ta ɗaga murya daga bayana ta kira Bashiru.

Na juya, Tabawa. Wallahi na juya da dukan jikina. Sai ga yaro ya sheƙo a guje, haƙoransa na gaba sun fita, ƙafa duk toka, kusan tsawon da namu zai kai da yana nan. Uwar ta ja kunnensa tana faɗa a kan ya bar akuya ta ci dawa. Kafin in dawo cikin hankalina wata ta ce wa Sakina ta sauke ƙanenta ta kama tulu. A hanyar komawa, daidai gidan maƙera, wata tsohuwa na rarrashin Kabiru ya daina kuka. Tulun nan ban san inda na ajiye shi ba, da la'asar Fanna ta aiko mini da shi.

Ni a wurin suna nake jin sunayen nan, daga bakin liman, a kan jariri da ban sani ba, uban ya zo ya yi mini godiya ya ce a wurina ya ji, in dawo gida ina ba ki labari ina washe baki. Ke kuwa a rijiya kike jin su, da wurin niƙa, da ta kan danga, safe da yamma, a kan yara masu gudu da ƙafarsu. Bashiru ɗan farinki ne, kunya ba ta taɓa barin ki kira sunansa ba ko sau ɗaya, har ya koma kina ce masa yaron nan. Yanzu kowace mace a unguwa tana kiransa da ƙarfi, wani yana amsawa. Ƙarar ke nan. Na ji ta yau, kwana ɗaya tak, kuma ban iya komawa rumfa ba.

Ga abin da na yanke. Muniru da Nafisa na bar wa duniya, duk mai so ya ɗauka. In mace ce, a yanka rago da sunan Inna, wanda ni ba ni da bakin faɗa, ke ma haka, ya zauna a ajiye. In namiji ne, sunan marigayi Baba, mahaifina. Na kira kuwa, wanda Inna ta zaɓa. Har yanzu ban yarda juji na tsare rai ba, kada Inna ta ji. Amma sana'ata ce sanin sunan da mutane za su yi rububi a kai, don haka na san wanda ba za su taɓa ba. In kin ji an kira shi a Magarya, naki ake kira.

Da zarar kin sauka a turo mini, ko Mala ko wani. Ni zan yi askin da hannuna, rabin kan ma ni zan bari.

Naki, Sallau.

Magarya, ƙarshen kaka

Zuwa ga Tabawa, uwar Ayashe.

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ruwan zafi? Yaya 'yar jujin tawa, kunnen ya warke? Tana kama nono sosai? A gaida Inna, a ce mata na iso lafiya, kuma kunun kanwar da ta ɗura mini ya kai ni har Dungas ban nemi komai ba.

Tun da na dawo daga suna ban zauna ba. Tamu ne ya fara tare ni, ya ce in fito da sabon sunan da na kai ƙauye na ɓoye. Na faɗa masa. Ya yi dariya har ya ajiye wuƙa, da ya ga ban yi ba sai ya yanko tsoka ya ce a kai wa maijego. Jiya kuma wani ɗan gyaɗa da matarsa ke da tsohon ciki ya zo aski, ya ce duk abin da na sa wa tawa shi zai sa. Da ya ji, sai ya ɓata fuska ya ce a ba shi wani. Na ba shi Nafisa, ya tafi yana maimaitawa. Ban taɓa jin daɗin a ƙi zaɓina ba sai jiya.

Mala ya ce kin ce in duba rufin ɗakinki kafin arba'in, wai akwai inda yake yoyo ta gabas. Bai gama rufe baki ba na hau. Na sake ciyawar duka, na share inda turmi ke zama, na sake sharewa. Fanna ta ce in na ci gaba haka zan haƙa rijiya a wurin.

Abu ɗaya ke hana ni sakewa. Mutane na ta tambayata sunan da zai yi tashe baɗi, ina ba su amsa, amma kunnena na kan labarin baƙon dauro da aka ce ya ɓulla wajen Bande. Kin san sunan 'yarmu ba ya yawa a gari sai in iyaye sun yi ta binne 'ya'ya. Duk sunan da na taɓa zaɓa na so ya cika ƙasar nan. Wannan kuwa kowace salla ina roƙon Allah ya bar mana shi mu kaɗai, ta girma ta tsufa ba ta gamu da takwara ba.

Ki rufe ta da kyau a hanya, ku taso da sassafe kafin rana. Zan tsaya a bakin gari.

Naki har kullum, Sallau, uban Ayashe.