Takalman Zalɓe Suna Bayan Ƙamus

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ƙananan yara. Allah Ya sa albarka a aikin da ya kai ku nesa da mu, Ya sake haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan sai godiya. Mama tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kawai ke yi mata tsiya, amma bakin nan nata da kika sani ko mura bai taɓa yi ba. Uwargida ta sake jera kujerun falo karo na uku a bana, har sai na yi tambaya kafin in gano wurin zamana a gidana. Ni kuwa ina nan a ɗakin karatun makaranta, ina kaɗe ƙura daga littattafan da ba wanda ya ara tun kafin ki yi aure.

Za ki yi mamakin ganin na koma wa biro alhali ga waya a aljihu. Dalili shi ne a waya ba kya bari in kai aya. Sau uku muna magana a kan 'yarki Zalɓe, sau uku da na ambaci likita sai ki fashe da kuka, daga kukan ki koma faɗa, daga faɗan layi ya yanke. Takarda kuwa ba a katse mata numfashi. Don haka ki nemi wuri ki zauna, yayanki zai yi bayani, kuma wannan karon har ƙarshe.

Rabonki da ganin yarinyar nan shekara biyu, to ki sani sunan da na laƙaba mata ya bi ta, yanzu duk rabinta ƙafa ce. Kuma ba ki taɓa ganin tsallenta ba. Takan taho da gudu a karkace, ta juya wa sandar da ake tsallakewa baya, ta tashi sama ta lanƙwashe kamar baka, sannan ta faɗa kan katifa. Ranar da na fara gani sai da na cire tabarau na goge. Tun da aka zaɓe ta shiga gasar makarantu take maimaita wannan lanƙwasa safe da yamma, sau nawa, Allah kaɗai Ya sani. Ashe kusan wata biyu ƙugunta na ciwo tana ɓoyewa, don kada koci ya cire sunanta. Uwargida ce ta gano ta a wurin shanya. Ta ga duk sanda ta miƙa hannu ga igiyar sama sai ta cije leɓe, ta dafe ƙugu kamar tsohuwar da ta dawo daga gona.

A nan ne masanin gidanku ya shigo. Kin san shekara ashirin ina duƙe a kan tebur, kuma maganin bayana shi ne kowace safiya in kwanta rigingine a kan hannun doguwar kujera in bar kaina ya rataya, har in ji ƙas. A littafi na karanta, kuma ni ya yi mini. Sai na ce da Zalɓe ciwon baya ai gadonmu ne, ta zo in koya mata sirrin. Kwana goma ina tsaye a kanta ina ƙirga mata, ina cewa ta ƙara lanƙwasawa, ciwo da ciwo ake korarsa. Ita kuma don kunyar kawunta ta yi ta daurewa. A rana ta goma sha ɗaya ta kasa tashi daga hannun kujerar, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta. Da aka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni nawa a wuyan 'yar mutane na ɗaura shi.

A asibiti hoton farko bai nuna komai ba, har na fara gyara murya zan ce ai dama na faɗa. Likitar ƙashi, wata 'yar gajeruwa mai kallon mutum ta saman tabarau, ba ta gamsu ba. Ta sa yarinyar ta tsaya da ƙafa ɗaya ta kwanto da baya, nan take ta yi ƙara. Sai aka tura mu wata na'ura mai kama da rami, mai gurnani kamar injin niƙa, ita ce ta fito da abin, wata 'yar tsaga a ƙashin bayanta. Sunan ciwon sifondilolisis. Na auna da ido, sunan ya fi tsagar tsawo. Mama ta gwada faɗinsa sau biyu, ta ce a bar shi, ba za ta karya haƙorin da ya rage mata a kan cutar da ba tata ba.

Ga yadda likitar ta nuna mana da ƙashin roba da ke kan teburinta. Ƙashin baya guntaye ne a jere, ɗaya bisa ɗaya kamar carbi, kuma a bayan kowanne akwai wata siririyar gada ta ƙashi, dama da hagu. A can ƙasa wajen ƙugu, inda nauyi ke taruwa, gadar ɗaya ce ta tsage, ta gefen hagu. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma wanda ya buge ta. Likitar ta ce in tuna yadda ake karya wayar ƙarfe da hannu, a lanƙwasa nan a lanƙwasa can har ta gaji. Mutane na cewa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, to ita tsalle dubu ne suka taru suka yi mata. Ta ce abin ya fi samun yara masu tasowa da ke wasannin gantsarewa, don ƙashinsu bai gama ƙwari ba. Daga nan ta tambaya ko yarinyar na wani lanƙwasa baya a gida. Zalɓe ta ɗaga kai tana nazarin fanka, wai ita mai rufa wa kawu asiri. Na faɗi gaskiya. Likitar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, da ladabi, littafin nawa a kan bayana yake magana, ba a kan nata ba. Ni mai duƙawa ne, ita mai gantsarewa, abin da ke warkar da ni shi ke buɗa mata tsagar.

Yanzu ki buɗe kunne, don nan ne kullum kukanki ke rufe maganata. Tsagar ba ta taɓa laka ba. Ba maganar shanyewa, ba keken guragu, ba tiyata. Ƙashin yana mazauninsa bai goce ba. Likitar ta ce da an ci gaba da tsallen, ɗaya gefen ma yana iya tsagewa har ƙashin ya zame gaba, amma Allah Ya sa an tare shi da wuri. Abin da ta yanke shi ne wata uku ba gudu ba tsalle, da ɗamara a ƙugu, da zuwa wurin masu gashin ƙashi su koya mata motsin da zai ƙarfafa naman ciki da na baya. Bayan nan a sake dubawa. Ba ta rantse mana ba, amma ta ce yawancin irin waɗannan yara suna komawa fili idan sun yi haƙuri sun bi doka.

Gasar bana ta wuce ta, wannan ta sani. Ta yi kukanta na yini guda, ta share ido, ta ɗaura ɗamararta, har tana tsokanar Mama wai yanzu su biyu ne tsofaffin gidan, sai dai ita ta fi kyau. Mama ta ce ta rufa mata baki, zalɓen da ba ya tashi ai kaza ce. Haka muke ta raha har ranar da saƙon muryarki ya shigo wayar Mama. Kin san yadda take sauraron saƙo, ta ɗora wayar a tafin hannu kamar faranti, murya a ƙure. Duk gidan mun ji kina cewa a ƙona takalman tsallen nan, ita da fili har abada, ba ki haifi 'ya don ta nakasa ba. Zalɓe tana bakin ƙofar kicin. Ta juya ta koma ciki. Washegari da na buɗe ɗakina na tarar da takalman a wanke tas, an jera su a bakin ƙofa, da kwalin ashana a kai.

Tun ranar ta daina motsin da aka koya mata. Ɗamarar tana rataye a jikin ƙusa. Da Uwargida ta lallaɓa ta, sai ta ce Anti ta bar wahalar da kanta, bayan da ba za a yi komai da shi ba, ko ya warke ko kada ya warke duk ɗaya. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni, ƙanwata, ba tsagar ba. Ƙashi yana haɗewa idan mai shi yana so.

Ban ga laifinki ba. Uwar da ke nesa komai a duhu take ganinsa, kuma tsoronki ƙauna ce. Amma bari in tono wani abu da muka binne shekara ashirin da biyar. Akwai wata yarinya a gidanmu da ba a taɓa shan gabanta a tseren makaranta ba. Ta yi targaɗe a idon sawu tana ɗingishi a ɓoye, Baba ya ji labari, ya kulle takalmanta a kabad, ya ce an gama. Targaɗen sati biyu ya yi, hukuncin kuwa har yau bai ƙare ba. Kin daɗe kina zargin maƙwabciyarmu mai ɗinki da kai tsegumin, har ta rasu ba kya sakar mata fuska. Allah Ya jiƙanta, ba ita ba ce. Ni ne. Na ɗauka taimakonki nake yi, kamar yadda na ɗauka taimakon 'yarki nake yi a hannun kujera. Na tuna yadda kike tsayawa a bayan shingen filin wasa kina kallon sauran suna gudu, jakarki a rungume. Ki yafe mini. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kin sani, amma idan aka ɗaure shi, rarrafen zai yi.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki kira ta, ita kaɗai, ba ta wayar Mama ba. Kada ki yi mata alkawarin komai. Ki ce mata wata uku ne, ba har abada ba, kuma idan likita ta sake dubawa ta ce a'a, to a'a ce, ni da kaina zan tsaya a kai. Sannu ba ta hana zuwa. Ni dai na tuba da aikin likita, Uwargida ma ta juya doguwar kujerar ta manna hannunta da bango.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce masa har yanzu ina jiran littafina da ya ara wai na kwana biyu. Ki shafa mini kan Auta da 'yan biyu. Mama tana gaishe ku, ta ce ki rage faɗa a waya, kunnenta ɗaya ne ya rage. Uwargida da Gwaggo da Baffa Ƙarami duk suna miƙo gaisuwa. Zalɓe ba ta san na rubuto ba.

Takalman suna ɗakina a saman kantar littattafai, bayan babban ƙamus, inda na tabbata ba mai taɓawa. Ashanar na mayar kicin. Sau ɗaya na taɓa sa aka kulle takalmin yarinya a gidanmu, ba zan ƙona na biyu ba sai kin zo da kanki kin ƙyasta.

Wassalam. Naki har kullum,
Yayanki mai tabarau