Na Sake Kallon Wasan Babana, Ƙawata Ta Daina Shan Ruwa a Gidanmu

Malama Raliya, don Allah ki taimake ni. Mako uku ke nan wani abu yana damuna, na rasa yadda zan yi da shi.

Ni 'yar Lafia ce, shekaruna talatin da biyu. Babana ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, amma da muna yara ya daɗe yana fitowa a wani wasan kwaikwayo na talabijin da ake nunawa ranar Lahadi bayan la'asar. Shi ne dillali a wasan, kullum yana tare da wani manomin doya da ake kira Gajere. Tsakar gidanmu cika yake yi, maƙwabta har da tabarminsu suke zuwa. Ni kuwa ina gaba-gaba ina hura hanci, ubana ne a cikin akwati.

Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi. Ina da ƙawa tun sakandare, Sewuese, 'yar Tibi ce, yanzu ma'aikaciyar jinya. Ita take zuwa Talata da Juma'a tana motsa masa hannu da ƙafa. Baba take ce masa, shi ma kafin ciwon 'yarsa yake kiranta.

Watan jiya na tono kaset shida a tsohon akwatinsa, na kai aka juye mini su a waya. Na so in ba shi mamaki, amma na ce bari mu fara gani ni da Sewuese. Da farko abin dariya ne: hoto ya dushe, bangon ɗakin katako ne yana rawa, gaisuwa kaɗai sai ta ci minti biyar. Sai Gajere ya shigo. Ɗan gari ne aka shafe shi da ƙasa, yana kwaikwayon mutanen ƙauye. Wasan kaf abu ɗaya ne, Baba ya cuce shi, ya toshe hanci, ya goge kujerar da ya tashi a kai. A wani wuri Baba ya ce irinsu ba a ba su ruwa a kofin gida. Malama, na yi dariya. Dariyar yarinta ce, ta fito da kanta kafin hankalina ya iso.

Sewuese ba ta yi ba. Da murya a kwance ta gaya mini cewa mahaifinta doya yake kawowa kasuwar Lafia daga wajen garin Awe, yara suna bin sa suna kiran Gajere, ita ma 'yar Gajere aka riƙa ce mata har ta gama firamare. Kuma tun ranar da ta fara shiga gidanmu ta gane Baba. Shekara goma sha takwas ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Na yi saurin cewa ai rubuta masa aka yi, ya haddace. Ta ɗauki jakarta ta tafi. Da na tambayi Mama, sai ta ce wane rubutu? A lokacin tara su ake yi a gindin mangwaro a ba su labari a dunƙule, kowa ya shiga ya yi da bakinsa. Ashe maganar kofin nan daga cikin Baba ta fito.

Har yau Sewuese tana zuwa, ba ta fasa ko sau ɗaya ba. Amma da gorar ruwanta take zuwa, ta gaishe ni kamar mun haɗu a tasha. Ina jin haushin wasan, ina jin haushin mutumin da nake ba abinci a baki, na fi jin haushin kaina. Wasan ne ya lalace ko ni ce na canja? In ƙone kaset ɗin? In tuhumi tsohon da ba ya iya ba ni amsa? Ta yaya ƙawata za ta dawo?

Mai baƙin ciki, Lafia

Ƙanwata,

Da yawanmu muna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Mukan ce muna kewar shirin da, alhali tsakar gidan muke kewa, da tabarmi, da iyayenmu suna da ƙarfinsu. Sai mun sake kunna shirin shi kaɗai, ba tsakar gidan, mu ga ainihin abin da ke ciki. Wasan bai lalace ba. Yadda yake yau haka yake tun farko. Abin da ya canja shi ne wadda ke zaune kusa da ke.

Ba zan ce tsofaffin shirye-shirye duk na zubarwa ne ba. Ina nuna wa ɗalibaina wasu har yanzu, don akwai Hausa da hikima a cikinsu da ba a cika ji yau ba. Dushewar hoto ba aibi ba ce. Tambayar da nake sa su yi ɗaya ce: wa ake yi wa dariyar, kuma yana ɗakin?

Game da mahaifinki, kada ki wanke shi, kada kuma ki rataye shi. Maganar tasa ce, gaskiya ne. Amma mai wasan da ba rubutu abin da ya san zai sa gari dariya yake jefowa, kuma gari ya yi, har da ke. Shi ne dai mutumin da ya kira Sewuese 'yarsa. Ki riƙe duka biyun, ko da suna ƙona hannu. Kada ki kai masa ƙara gadon jinya. Kaset kuma ki adana, ƙona su ba zai goge abin da yaran kasuwa suka yi ba.

Laifin da yake naki guda biyu ne: dariyar, da uzurin da kika kawo. Ina ganin uzurin ya fi yi mata zafi, don ta buɗe miki ciwon shekaru kika tsaya kare gida. Ki je gidansu da ƙafarki, ba ta waya ba, ba kuma ranar da take bakin aiki a gidanku ba. Ki gaya mata abin da Mama ta faɗa. Ki ba ta haƙuri, ki yi shiru ki saurara. Kada ki nemi ta yafe a zaman nan. Ba zan yaudare ki ba, mai yiwuwa zumuncin ba zai koma yadda yake ba. Amma wanda kuka yi a baya ita kaɗai ke ɗauke da nauyinsa, yanzu ki karɓi rabonki.

Ku kuma masu karatu, ku gwada: ku nemo shirin da kuka fi so kuna yara, ku kalla da wanda ba a gidanku ya tashi ba, ku riƙa duban fuskarsa.

Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ki ƙarfin zuwa ki ƙwanƙwasa ƙofarta.

Malama Raliya