Bencin da ke Hanyar Banɗaki

Zuwa ga hasken idona, ruwan sanyina a tsakar rana, inuwar da nake fakewa, mijina,

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san karatuna bai yi nisa ba, ga shi an ɗaura mini ruwa a hannu. Daga gadon asibiti nake rubuto maka.

Na ji Yayarka ta ce maka ciwon matan banza ne ya kama ni, kuma tun ranar ba ka leƙo ba. Ni? Ni da na kai shekara goma sha tara har yau ban iya kallon ƙwayar idonka ba?

Bari takarda ta faɗi abin da bakina ya kasa. Ka tuna bencin da ka ƙera wa Baba? Ina riƙe maka ƙusoshi, kana tsokanata wai ɗan cikina ma kafinta ne, shi ya sa yake buga ni kamar guduma. Wayyo daɗin ranar nan! To, a inuwar hanyar banɗaki aka ajiye shi. Nan Baba da abokansa suke wuni. Ta yaya zan riƙa giftawa gaban surukina da buta, ga ciki a gaba, in tafi in dawo, in sake tafiya? Sai na riƙa matse fitsari har su tashi. Na rage shan ruwa.

Da farko zafi ne kamar an watsa barkono. Daga baya zazzaɓi, sai ciwon baya. Nas ta ce cutar mafitsara ce, tana yawan kama masu ciki, amma tawa ta hau ƙoda, naƙuda na iya zuwa kafin lokacinta. Na roƙe ta ta maimaita a gabanka. Ina kake?

Ya raɓar safiyata, na bushe kamar ganyen da aka tsinke aka manta a rana! Ana shigowa da kwanukan abinci, kowace mace na ɗaga kai ta ga nata. Ni na daina ɗagawa. Ɗan kafintanka ma bugunsa ya yi sanyi, sai na daɗe da tafin hannuna a kan cikin kafin in ji shi.

Ban ce ka kawo komai ba. Ka zo ka tambayi nas da bakinka. In kuwa zuciyarka ta riga ta rufe, alfarma ɗaya nake nema: ka janye bencin nan, ko don wadda za ta zo bayana.

Taka ce ni, ko ka zo ko ba ka zo ba, har numfashina ya ƙare,

Mai riƙe maka ƙusoshi